Maraƙar Kawu Nomau

Tun da muka dawo daga Adar, abokan hirata na bakin gareji ba su bar ni na sha ruwa ba. Sun riga sun laƙaba mini suna, wai Direban Gyatsa, kuma duk wanda ya gan ni sai ya dafa ciki ya tambaye ni buhu nawa muka auno. Nakan yi dariya in wuce. To yau dai zan kwance muku bakin jaka, amma ku sani ba duka labarin ne na dariya ba. Akwai wurin da har yanzu in na tuna sai abinci ya fita raina.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Idi, haifaffen Allakaye ta ƙasar Buza. Cin rani ya kawo ni Sakkwato ina saurayi, rani ya wuce ban koma ba. Yanzu ni ke jan motar wani sashe na binciken dabbobi. Maigidana a wurin aiki, Dakta Haruna, Bazazzagi ne mai yawan magana da saurin fushi da saurin hucewa. Da damanar nan ta kama, ya ce in shirya za mu tsallaka Nijar, tunda sefa, kuɗin can, ta karye tafiyar ba za ta yi tsada ba, kuma ni ɗan gida ne.

A hanya ya yi mini bayanin abin da za mu je nema. Ya ce a cikin tumbin kowace saniya akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke narka mata ciyawa, in ba su ba da yunwa ta kashe ta ko da ta kwana a cikin ciyawa. Suna cikin wannan aiki suke fitar da wata iska, metan, saniya kuma ta gyatsar da ita. Iskar in ta hau sama tana tare zafi, tana ƙara wa duniya ɗumi. Maraƙi kuwa ba a haifarsa da halittun. A wurin uwarsa yake samu, ta lasa da yawu da cin abin da ta ci. Abin da Dakta yake son sani shi ne, in uwa mai yawan gyatsa ce, ko ɗanta ma haka zai tashi. Don haka uwa da ɗa yake nema, a auna su tare.

Na ce masa, "Dakta, wato zafin da muke sha a Sakkwato har da hannun shanu?"

Ya ce, "Har da bakinsu dai."

A kan iyaka aka sa muka sauke kaya kaf. Wani ɗan duwan dogo, wato ɗan kwastan, ya ɗaga jakunkunan robar da muke tara iska a ciki, ya juya su gaba da baya, ya ce, "Mi za ku zubawa cikin wagga?" Dakta ya fara da Turanci, mutumin bai ji ba. Ni na tsoma baki da 'yar Faransancin da na tsinta a lakkol, makarantar bokon can, ta ƙare mini a tsakiyar hanya. Daga ƙarshe dai na ce masa da Hausa gyatsar shanu ce. Ya dube ni, ya dubi Dakta, ya kira abokan aikinsa su zo su ji. Sun yi dariya har da riƙe ciki, suka buga mana hatimi suka ce Allah shi ba da sa'a. Wajen mayar da kaya tarmus ɗin Dakta, wato filas, ya gangaro daga bayan mota ya faɗi, gilashin cikinsa ya tarwatse. Shi ne wanda ake zuba ruwan tumbi a ciki don kada ya huce. Har muka wuce Ƙonni Dakta yana fushi da ni.

Masaukinmu na farko gidan Malam Ishaya ne, wani Kirista mai aikin awon jini a asibitin mishan da ke kan hanyar Madawa, wanda wani abokin Dakta ya haɗa mu da shi. Mutum ne mai sanyin magana. Matarsa Saratu ta yi mana tuwon hatsi da miyar albasa, irin albasar yankin mai zaƙi. Kafin mu sa hannu suka sunkuyar da kai suka yi addu'arsu, mu ma muka yi bisimilla, sannan Malam Ishaya da kansa ya shimfiɗa mana tabarma ya nuna mana gabas. Da Saratu ta ji labarin tarmus, sai ta shiga ɗaki ta fito da nata, wani ja mai zanen furanni, wanda take kai wa marasa lafiya kunu a ciki. Dakta ya gaya mata gaskiyar abin da za a zuba. Ta ce, "Ba komi. Ku dai wanke mani shi da toka in kun gama."

Washegari muka samo ruwan tumbi mai ɗumi daga mahauta, Malam Ishaya ya ɗiga ɗigo ɗaya a kan gilashi ya sa a madubin awonsa ya ce in leƙa. Gani ya kori ji. Na ga abubuwa suna iyo suna wulƙawa, wasu manya wasu ƙanana, kamar kasuwa ta cika. Dakta ya ce masu yin iskar ma sun fi waɗannan ƙanƙanta, a jikin manyan suke maƙalewa. Muna nan tsaye ɗigon ya huce, na sake leƙawa na ga duk sun tsaya cik. Malam Ishaya ya ce, "Sanyi da iska ba su so. Da sun huce sun mutu."

A Urno muka fara gwada aikin. Mai garke ya yarda bayan an sha hira, aka kama wata saniya baƙa, muka sa mata takunkumi mai tiyo da ke zuwa cikin jaka. Ta tsaya lafiya lau har jakar ta fara kumbura. Da ta waiwaya ta ga abu yana girma a gefenta, sai ta zabura, ta ja ni da jaka da tiyo muka ratsa gonar dawar mutane. Dakta yana bayana yana ihu in riƙe jaka, ba wanda ya ce in riƙe raina. Da ƙyar aka tare ta. Mai gona ya zo da faɗa, ya ga yadda gwiwata ta sale, ya koma ba ni haƙuri. Mun samu uwa da ɗa biyu ko uku a can, Dakta ya ce bai isa ba.

Abin da ya fi ba Dakta mamaki a Madawa shi ne yadda ake rufe ofis da rana tsaka kowa ya tafi ya kwanta, da dogon burodin da ya ce ya fi kama da sanda. Kilishin garin kuwa bai kushe ba, ya sayi na tsaraba ya cinye kafin mu kai Buza. Ni dai hankalina ba ya kan waɗannan. Tun da muka hau jar hanya na fara hango duwatsun Adar tunanin gida kawai nake yi, don rabona da shi an daɗe.

Kawu Nomau ƙanen mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwarta. A da yana da garke na a zo a gani, babban fari ya share shi tas, ko igiya bai bar masa ba sai turaku. Shekaru ya yi ba ya son a yi zancen shanu a gabansa. Daga baya wani amininsa Bafillace, Altine, da ke zaune wajen Ibohaman, ya ba shi habbanaye. Al'adar ita ce a ba ka aron saniya ka riƙe har ta haihu ta yaye, ɗan ya zama naka, uwar ta koma wa mai ita. Saniyar sunanta Saye, kuma Allah ya sa ta haifi mace. A kan wannan maraƙa Kawu ya ɗora duk sauran burinsa na duniya. Har saƙo ya aiko mini Sakkwato cewa turke ya tashi.

Da muka shiga gidan, gaisuwa ma a tsaitsaye aka yi ta. Ya kama hannuna ya ja ni bayan rumbu. Maraƙar tana tsaye ta sunkuyar da kai, cikinta ya kumbura ta hagu, gashinta ya tashi, hancinta ya bushe. Saye ba ta nan.

Na ce, "Kawu, ina uwar?"

Ya ce, "Na maida ta."

"Tun ba ta yaye ba?"

Ya kau da kai. "Ɗan Altine ya zo gaishe ni har so biyu cikin wata guda. Ruwa ba shi tsami banza, Idi. In tsaya sai an buɗe baki an tambaye ni? Ni da anka yi ma alheri?"

Tun da uwar ta tafi yake ɗura wa maraƙar kunu da dusa da ragowar fura, don tausayi. Dakta ya durƙusa ya danna cikin, ya kara kunne, ya buɗe bakinta ya sansana. Ya ce tumbin ya yi tsami, halittun da ta fara samu sun mutu, shi ya sa ba ta tuƙa. Ya jiƙa kanwa ya ba ta, ya ce wannan zai riƙe ta kaɗan, amma maganin shi ne a samo ruwan tumbin lafiyayyar dabba da ɗuminsa a ɗura mata. Kawu ya ce su ma sun san wannan, tsofaffi kan ciro tuƙa daga bakin uwa su sa wa ɗa.

Shanun gari duk sun yi arewa saboda shuka. Amma ta kan darni muna hango san da ke jan amalanken maƙwabci, wani rusheshen fari, yana kwance a inuwa yana tuƙa. Dakta ya nuna shi ya ce, "Ko wancan ma zai yi, Baba."

Kawu ya ɓata rai. "Wanga? Mai cin shara da tsumma bakin kasuwa? Ɗiyat Saye ta. In Altine ya tambaye ni, in ce mishi mi? In ce na zuba mata cikin san amalanke? Na uwatta nika so."

A nan ne ya kamata ɗayanmu ya tsaya kai da fata. Da babu gara ba daɗi, kowa ya san wannan. Amma na ga idon Dakta ya yi haske, don uwa da ɗa da aka raba shi ne ainihin abin da bincikensa yake nema bai samu ba. Ni kuma, in faɗi gaskiya, daɗi na ji. Na so a ce ɗan da Nomau ya riƙa ya zo da mota da likita ya je har Ibohaman ya ceci maraƙa. Ɗebo ruwa ta kan darni ba ya bukatar mota. Dakta ya tambaye ni ko hanya tana da kyau, na ce gobe kafin azahar mun dawo.

Matar Kawu ta cika mana ƙwarya da fura. Dakta ya saba da fura mai kauri da nono, ya ga tamu ta Adar ruwa-ruwa da tsakin hatsi, ya sha don kunya, daga baya ya nemi ƙari. Muka kama hanyar Keita. Duwatsu ne baƙaƙe ko'ina, ka hau fako ka gangara kwari. A gefen tuddai muka riƙa wuce mata jere da duwatsu a ka, suna shirya su layi-layi don tare ruwa, aikin furoje, wato shirin raya ƙasa. Dakta ya ce a garinsu maza ma sai an yi da gaske, na ce masa mazan nan duk suna irin wurin da ni nake. A Keita muka kwana a ɗakin baƙi na wani ɗan kasuwa, sauro ya yi mana tarba ta musamman.

Da sassafe muka isa Ibohaman. Wani Buzu mai shayi ya kwatanta mana rugar, ya ƙi barinmu mu wuce sai da muka sha kofi uku. Altine dattijo ne siriri mai farin gemu. Ya yi murna da jin ni ɗan Nomau ne, ya sa aka kawo nono da cuku. Da na gaya masa abin da ya kawo mu sai ya ajiye ƙwarya.

Ya ce, "Ni ban aika a amso nagge ba. Yaro na bi ta can zuwa kasuwa, nic ce ya biya shi gaishe shi. Zumunta a ƙahwa take. Da anka koro mani ita, cewa niy yi ko na yi mishi laihi. Kunya ta hana ni tambaya."

Kowannensu yana jin kunyar ɗan'uwansa, maraƙa tana can tana kumbura.

Saye ja ce mai haske, doguwar ƙaho. Altine ya ce tun da ta dawo take kuka da maraice tana duban kudu. Ya riƙe ta da kansa yana yi mata magana da Fillanci, Dakta ya zura tiyo ta baki ya zuƙo ruwan, kore-kore mai wari. Mun riga mun ɗauraye tarmus ɗin Saratu da ruwan ɗumi. Aka cika shi har baki don kada iska ta samu wuri, aka toshe. Dakta ya ce a ba shi ɗan lokaci ya auna gyatsarta, tunda an zo. Ban hana ba. Altine ya ce in gaya wa Nomau, da shanu sun sauko daga arewa zai koro masa Saye da kansa, ta zauna har ta gaji.

Na ja mota kamar ba ta gwamnati ba. Dakta ya cusa tarmus a cikin rigarsa ya rungume, duk ramin da muka faɗa sai ya ce wayyo, amma bai ce in rage ba. Rana tana sama, ko ɗigo bai sauka a kanmu ba. Sai da muka wuce Keita muka gangaro wani kori, hanyar ruwan damana, da muka ratsa jiya a bushe, muka tarar da shi cike, jan ruwa yana gudu da itatuwa. An yi ruwa a kan tudu can gabas. Ni da aka haifa a ƙasar nan na san kori ba ya sallama, amma zaman birni ya sa na manta.

Mutane sun taru a bakin ruwa, da jakuna da wata babbar mota. Ba abin yi sai jira. Wani tsoho ya ga bakin tarmus ya leƙo daga rigar Dakta, ya matso da ɗan kofinsa ya ce a sam masa shayi. Dakta ya ce magani ne. Tsohon ya ce ai shi ma ba shi da lafiya. Da ƙyar na fahimtar da shi, ya tafi yana cewa rowar 'yan Najeriya ta kai inda ta kai. Kowa ya yi dariya ban da mu. Na kafa kara a bakin ruwa ina duba ko ya ja baya. Muka yi azahar a nan. Sai da la'asar ta kusa ruwan ya sauka zuwa gwiwa, na ce ko me zai faru sai na shiga. Samari suka tura, muka fita da ƙyar.

Tun daga ƙofar gida na ji ƙaurin nama. Na ce wa kaina na maƙwabta ne. Da muka zagaya bayan rumbu, fatar tana shanye a ƙasa an kafe ta da tsinke, 'yar ƙarama, ja mai haske irin ta uwarta. Kawu yana zaune a kan turmi kusa da turke, wuƙa a gefensa an riga an wanke.

Ya ce, "Kun iso? Sannunku da hanya." Ya dubi fatar, ya ce, "Bayan azahar ta kwanta ta miƙe wuya. Na jira, na jira. Ban iya barin ta ta yi mushe."

Ba wanda zai ce ya yi laifi. Haka ake yi, haka ni ma zan yi. Dakta ya tsaya da tarmus a hannu kamar wanda aka kama da kayan sata. Na isar da saƙon Altine, duka, har da cewa bai aika a karɓi saniya ba. Na yi ta tunanin ko in ɓoye wannan, amma saƙo amana ne. Kawu ya saurara har na gama, ya gyaɗa kai kawai.

Can ya miƙo hannu ya ce, "Mu gani."

Dakta ya ba shi. Ya buɗe murfin, ya kai hanci, ya daɗe yana shaƙa. Ya ce, "Saye ta." Ya tsoma yatsa a ciki, ya dube ni.

"Da ɗuminshi kuwa, Idi. Kun yi ƙoƙari."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya tashi ya tuttular da ruwan a gindin turke, a hankali, har ya ƙare. Ya ɗebo toka da kansa ya wanke tarmus ɗin, don na gaya masa na aro ne.

An kawo mana naman da tuwo, ba wanda ya iya ci sai yara. Da safe da za mu tafi na ce masa Saye za ta dawo da kaka, za ta sake haihuwa. Ya ce, "In da rai." Ya kai shekarun da mutum ba ya faɗin wannan don al'ada kawai.

Mun biya mun mayar wa Saratu tarmus ɗinta. Ta tambaya ko ya yi amfani, Dakta ya ce ya riƙe zafi sosai. A kan iyaka ɗan duwan nan ya gane mu, ya taso da dariya yana tambayar ko an samu gyatsar, na ce an samu. Tana nan a ofis cikin jakunkuna, har da ta Saye, an rubuta sunanta a jiki. Wurin da aka bari don ta 'yarta babu komai.

To kun ji yadda tafiyar ta kasance. Ku ci gaba da kirana Direban Gyatsa, ba na jin haushi. Abin da ban gaya wa kowa ba sai yau shi ne, lokacin da Kawu yake zubar da ruwan nan, na ɗaga kai don kada ya ga idona. Ta kan darni na hango san maƙwabci yana kwance a inuwar da muka bar shi jiya, taku kaɗan daga turken, yana ta tuƙarsa.